Malam Habibu da Jar Saiwar Ƙasar Sin

Ina kantin magani a unguwar Sultana ranar Laraba bayan La'asar wayata ta yi ƙara. Faisal ne, babban ɗan Malam Habibu. A nan Madina aka haife shi, yana jin Hausa amma da Larabci yake mayarwa. "Abuya tawaffa," ya ce, wato babansa ya rasu, ya kashe wayar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya riga hawaye zuwa. Malam ya yi alkawarin zuwa duba Innata ranar Juma'a, ga shi Litinin za a yi mata tiyata.

Malam Habibu malamina ne a jami'a. Ya yi shekaru a ƙasar Sin yana nazarin saiwoyi da ganyayen da suke magani da su, da yadda suke karo da magungunan asibiti a jikin mutum. Na sha buɗe mujallar masana in tarar an kafa hujja da sunansa. Bai taɓa raina maganin gargajiya ba, bai kuma taɓa sakankancewa da shi ba. Yakan ce, "Duk abin da ke warkarwa yana da ƙarfi, mai ƙarfi kuwa yana iya kisa."

Bara Inna ta fara zubar da jini ta dasashi. Tana kan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya. Likitoci suka tambaye ta ko tana haɗawa da wani magani, ta rantse ba ta haɗawa. Gaskiyarta ta faɗa. A wurin Inna, abin da Yaya Sani ke kawo mata daga fataucinsa na Sin tsaraba ce, shayi ne, wa ya ce magani? Malam ya same ta a gidan Yaya da ke unguwar Ƙurban, ya gaishe ta a tsanake, sannan ya ce, "Hajiya, baƙo ba a ba shi shayi ne? Irin naki nake so."

Ya sunsuna kofin ya ajiye. Jar saiwa ce da suke kira danshan, tana ƙara tsinka jini. Ya ce, "Hajiya, wannan da ƙwayar asibiti ba sa ga maciji." Ta yi dariya, ta daina sha. A bakin ƙofa ya ce mini, "Binta, kada ki tambayi tsoho wane magani yake sha. Tambaye shi me aka kawo masa."

Wannan watan Yaya ya sake kawo wani kwali, babu harafi ɗaya da muke iya karantawa a jikinsa. Inna ta farke tana sha. Na yi magana, ta ce, "Ke tafi can, ai Malam bai hana wannan ba." Malam za a nuna wa kwalin ranar Juma'a. Sai ga shi an sallace shi a Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Washegari na dawo daga ta'aziyya a unguwar Ranuna. Idan da saiwar nan a sabon kwalin aka tsaga Inna, wallahi jini ba zai tsaya ba. Wa zan tambaya? Na ɗauki hoton kwalin na tura wa Dakta Usman, ɗalibin Malam da ke koyarwa a Najeriya, wanda Malam ya matsa wa sai da ya koyi rubutun Sin yana gunaguni. Kafin Magariba ya kira ni. "Akwai danshan a ciki. Maza ki gaya wa likitanta yau, ba gobe ba."

An ɗage tiyatar. Na durƙusa gaban Inna na ce ta ba ni kwalin.

"Wa ya faɗa? Malam dai ya rasu."

"Ɗalibinsa ne, Inna. Shi ya koya masa karantawa."

Sai ta miƙo mini kwalin tana share ido da mayafi, ta ce, "Allahu akbar. Ashe bai tafi da karatun ba."

Har yanzu tsoro bai sake ni ba, don ba a yi aikin ba tukuna, kuma babu Malam da zan kira ya ce mini in kwantar da hankali.

Allah Ya jiƙan Malam Habibu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi. Allah Ya ba Hajiya Rabi mai ɗakinsa da Faisal da ƙannensa haƙurin wannan rashi. Mai karatu, idan ka yi masa addu'a, ka haɗa da Innata. Amin.