Kwalbar da Inna Ta Binne

Yayana direban babbar mota ne, hatsi yake ɗauka daga Jibiya zuwa Maraɗi, kuma duk wanda ya san shi da ci ya san shi. Ko wuni aka tsare motarsa a bakin iyaka ba ya ɗaga hankali, shi dai a nuna masa inda mai tsire yake. To wannan mutumin ne ya koma 'yar loma kaɗan ta ishe shi. Aka yi ta cewa olsa ce, ya sha farin maganin nan na ruwa har ya gaji. Ni na tasa shi gaba da masifa sai babban asibiti a birni, don a gidanmu kowa ya san bakina.

Aka zura masa wata siririyar tiyo mai kyamara ta maƙogwaro, aka ga ɗan tabo a tumbinsa, aka tsinko kaɗan aka gwada. Ciwon daji ne. Amma likita ya ce mu gode Allah, abin bai yi nisa ba. Ta bakin dai aka sake shiga aka ɗaye wurin, ba a tsaga cikin ba.

Da aka gama, likitan ya kira ni ya ajiye wata 'yar kwalba a gabana. Tsoka ce a cikin ruwan magani, ba ta fi faɗin farce ba.

“Hajiya, sauran aikin yana cikin nan,” in ji shi. “Za a yanka ta siri-siri, a zuba mata rini iri-iri. Kowane rini da alamar da yake kamawa a jikin nama. Akwai wanda yake fito da 'yan hanyoyin ruwan jiki, masu kaiwa ga inda kaluluwa ke kumbura. In ciwon ya shiga waɗannan hanyoyin, yana iya yaɗuwa, dole mu yanke babban ɓangare na tumbin. In bai shiga ba, mu bar masa abinsa.”

Na ce, “In ba a yi gwajin ba fa?”

“Sai mu ɗauka ya shiga.”

Irin rinin babu shi a wurinsu, sai a Kano, ga shi an shiga hutun ƙarshen mako. Na taho da Yaya gida da kwalbar a jakata, da nufin in kai ta da kaina ranar aiki. Na sa ta cikin kwalla a kan kabad a ɗakin mahaifiyarmu, Inna, don can ne babu mai shiga ya yi taɓe-taɓe.

Ranar tafiya na shirya da sassafe, na ɗaga murfin kwalla. Wayam!

Na fito tsakar gida mayafina a hannu. Inna na zaune a tabarma tana tsinke zogale, hankalinta kwance.

“Inna, ina kwalbar Yaya?”

“Na yi mata sutura,” ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Ya kamata in san za a yi haka. Inna mutumiyar Maraɗi ce, irin tsofaffin da ko farce suka yanke sai sun tona ƙasa sun rufe. Cibiyoyinmu duka suna binne a bayan ɗakinta. Lokacin da aka yanke wa maƙwabcinmu ƙafa bayan hatsarin babur, ita ta aika da farin ƙyallen da aka naɗe ta aka kai maƙabarta. Amma a wannan safiyar ban tuna ko ɗaya ba, wuta kawai nake gani.

“Kin binne? Innalillahi! Inna, kin kashe mu! Wa ya sa ki?”

Sai ta ɗago. “Ke, rage murya. Naman ɗana ne wanga. Mi ya sa za a riƙa yawo da shi cikin mota awa kilishi? Lokotoro ya cire cuta, an gode mishi. Abin da ya fita jikin ɗan Adam kuwa ƙasa ke da shi.”

Na yi ta zuba, har da waɗanda bai kamata 'ya ta faɗa wa uwa ba. Hayaniyar ce ta fito da Yaya, yana dafa bango. Ya durƙusa gabanta a hankali.

“Inna, in ba a duba wannan 'yar tsokar ba, rabin cikina za su cire. Ita kaɗai za ta faɗa musu ko a bar ni.”

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙe ta ɗauki fartanya ta nufi gindin zogale. Na kai hannu in karɓa, ta buge shi. Da kanta ta tono. Ga kwalbar nan naɗe da farin ƙyalle, murfinta a rufe gam. Ashe ta so ta juye tsokar ta binne ta ita kaɗai, tana buɗewa warin maganin ya sa ta hawaye, ta mayar ta murɗe. Wallahi har yau in na tuna warin nan sai na yi masa addu'a.

A Kano na gaya wa mai karɓa gaskiya, cewa kwalbar ta kwana a ƙasa. Ya ɗaga ta ya duba, ya yi dariya, ya ce tunda ruwan bai zube ba za ta yi.

Sai jira. Yaya yana kwance da kunu, yana jin ƙarar motoci na wucewa iyaka yana tsaki. Ramin kuwa yana nan a buɗe. Kaji suka mayar da shi wurin wanka, ni kuma na kusa karya ƙafa a ciki. Na ce, “Haba Inna, wannan ramin kuma ajiyar me ake yi da shi?”

Ta ce, “In suka yanko babban, ina za a sa shi?”

Na duba da kyau, sai na ga ashe har ta ƙara masa faɗi. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da sakamako ya fito muka koma wurin likita. Ya juyo mana da kwamfuta, ga wasu 'yan zobba masu launin ƙasa-ƙasa warwatse. Ya ce su ne hanyoyin da rinin ya fito da su, mu duba cikinsu, babu komai. Ciwon bai nutsa ba, gefen tsokar ma duk lafiyayyen nama ne. Ba za a yanka ba. Ya ja mana kunne cewa ba sallama ba ce, za a riƙa leƙawa da kyamara lokaci-lokaci, ga kuma magunguna. Ragowar tsokar an daskarar da ita cikin kakin kyandir an adana, ko za a sake nema. Ni dai alhamdulillahi kawai nake ta maimaitawa. Yaya kuwa tambayarsa ɗaya: yaushe zai ci tsire?

Mun iso gida da la'asar. Tun daga zaure na fara kwaɗa wa Inna kira, ina faɗa mata ba za a yanka ba. Ta sa na maimaita. Ta tambayi ragowar naman, na ce sun riƙe. Na zaci za a yi rigima, sai ta ce su riƙe ɗin.

Ta ɗauki fartanyarta ta nufi gindin zogale. Muna tsaye ni da Yaya ta mayar da ƙasar duka cikin ramin, babu komai a ciki, ta hau kai ta tattake da ƙafafunta. Sannan ta juyo tana haki, ta ce da ni, “To tsayuwar mi kike yi? Ɗora mishi tuwo, mai laushi.”