Roƙon Ruwa a Katuru, Roƙon Rana a Filin Kurket

Ranar Juma'a ce cikin watan Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a zauren limamin unguwar kawuna a Katuru. Mu huɗu ne: limamin, da kawuna, da wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, sai ni. Daga Kaura Namoda aka kirawo ni, don na taɓa aiki a gidan rediyo, kuma dangi sun ɗauka duk wanda ya karanta labaran wasanni ya san dokokinsu.

Maganar ɗan kawuna ce ta tara mu. A makarantar kwana ya koyi wasan kurket, ya ci gaba da shi a jami'a, har aka kira shi cikin ƙungiyar ƙasa. Wasan ya daɗe a Najeriya, tun zamanin Turawa, amma a 'yan makarantu ƙalilan ya maƙale. Da can da maƙwabtanmu na yammacin Afirka muke karawa, sai daga baya ƙungiyar ta riƙa zuwa wasannin neman gurbi a gabashin nahiyar, inda take haɗuwa da ƙasashen da suka riga mu nisa. Sau uku aka tafi da ɗan kawuna, sau uku bai buga ba. A tafiya ta uku wani ya nuna wa kawu hotonsa a waya, yana gudu cikin fili da gorunan ruwa a hannu biyu.

Kawu ya faɗa a gaban mutane, a kasuwar Shinkafi, cewa bai kai yaro jami'a don ya zama ɗan ga-ruwa a ƙasar waje ba. Tafiya ta huɗu ita ce ta ƙarshe. In bai buga ba, ya dawo ya karɓi aikin koyarwa da aka samo masa a Zurmi. Kawu mutum ne da ba ya janye magana, kuma tun ranar da ya furta wannan yake neman hanyar da maganar ba za ta kama shi ba.

A safiyar wannan Juma'a ɗan ya bugo waya. An sa sunansa cikin sha ɗayan da za su buga gobe Asabar, wasan ƙarshe na tafiyar. Sai dai masu hasashen yanayi na can sun ce hadari na tafe, kuma in ruwa ya sauka ba a kurket. A Katuru kuwa an fi mako biyu ba ɗigo, gero ya fara naɗe ganye, an kuma yi shelar fita roƙon ruwa a wannan Asabar ɗin da safe.

“Liman,” in ji kawu, “so nike gobe in an roƙi ruwa, a roƙa muna rana kuma.”

Limamin abokinsa ne tun suna yara. Ya dube shi. “Ka karya kumallo yau kuwa?”

“Ba nan ba. Can inda yaron yake.”

Limamin ya juyo gare ni. “Kai, ɗan rediyo, wanga wasa mi a ciki da ruwa ka hana shi? 'Yan ƙwallo cikin taɓo suke yi.”

Na yi bayani dalla-dalla. Ana kafa turaku uku a kowane gefe. Mutum ɗaya yana jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da su, wani yana tsaye da faffaɗan katako yana karewa, in suka faɗi a fitar da shi wani ya karɓa. In ya maka ƙwallon nesa sai ya yi ta gudu tsakanin turakun wannan gefe da na wancan. Sauran abokan mai jifa suna warwatse a fili suna jiran su cafke. Dole ƙwallon ya daki ƙasa kafin ya iso, shi ya sa ake son busasshen wuri. Da ruwa ya fara sai a jawo tamfol a rufe tsakiyar filin.

“Mi anka shuka wurin?” malamin gona ya tambaya.

“Ba komai. Ciyawa ce, ita ma aske ta ake yi.”

“A samu ruwa, a samu fili, a rufe shi da tamfol.” Ya girgiza kai. “Kuma su anka ce sun fi mu ci gaba.”

Limamin ya ce maganar ba ta rasa asali ba, domin ya halatta a roƙi a karkatar da ruwa daga inda zai yi ɓarna. Amma shi ba zai tsaya gaban manoman da geronsu ke mutuwa ya ambaci rana ba, ko da ta wata ƙasa ce. Rabinsu ba za su ji ƙarshen jimlar ba. Addu'ar uba ga ɗansa ta fi tasa ƙarfi, kawu ya yi abinsa da kansa.

“To in na ce amin ga ruwa, ba ta shafi can ba?”

“Allah Ya fi ka sanin taswira.”

Kawu bai gamsu ba, ya ce a rubuta masa. A nan ne malamin gona ya kawo batun manoman waccan ƙasar. Su ma suna da gonaki, da wane haƙƙi mutumin Katuru zai tsayar musu da ruwa? Aka yarda a taƙaita roƙon ga filin wasan kaɗai. Sai malamin gona ya koma kan lokaci. Na ce wasan kan ci kamar awa uku. Ya ce awa uku zalunci ne ga mai masara a bayan filin, ya taya ɗaya. Shi da kawu suka yi ta ciniki kamar na akuya, limamin yana cewa shi dai babu hannunsa a gindaya wa sama jadawali. Aka tsaya a awa ɗaya da rabi. Na rubuta sunan garin da lokacin a agogonsu da namu, limamin ya juya wa kawu shi zuwa ajami yana ƙunƙuni.

Washegari muka fita bayan gari da tsofaffin tufafi, maza da mata da yara. Kawu na sahun gaba. Na lura duk amin ɗin da zai ce sai ya taɓa aljihun da takardar take. Wani maƙwabcinsa ya tambaye ni daga baya ko ciwon ƙirji yake yi.

Da aka watse muka hau tudun da ke kusa da firamare, inda waya ke samun layi. Babu hoto, rubutu ne kawai ke fitowa bayan kowace jifa, ni kuma ina fassarawa. An fara wasa cikin rana. Mu ne masu jifa, abokan karawa ke bugu. An tsayar da ɗan kawuna can bakin iyakar fili.

“Mi shikai yanzu?”

“Yana tsaye, Kawu.”

Bayan minti ashirin ya sake tambaya, na ba shi amsa iri ɗaya. Sau ɗaya ƙwallo ya nufi wajensa, wani ya riga shi. Abokan karawa suka gama nasu bugun, aka tafi hutu kafin namu. Ana cikin hutun sai rubutu ya fito cewa an jawo tamfol. Ba a koma ba. Aka soke wasan, aka raba maki.

Kawu ya juya ya dubi malamin gona. “Awa ukku ɗan rediyo ya ce. Ukku!”

“Mai masara ya gode,” in ji malamin gona.

Saura tambaya ɗaya, kuma a zauren limamin aka yanke ta bayan azahar. Ya buga ko bai buga ba? Na ce a dokar wasan, tunda an fara jifa kuma sunansa na cikin sha ɗaya, an rubuta masa wasa guda da sunan ƙasa.

“Ya taɓa ƙwallon?” in ji kawu.

“A'a.”

“Katakon fa?”

“Ba a zo kansu ba.”

“Ya ɗauki ruwa?”

“Wannan karon shi aka kawo wa.”

Limamin ya ce wa kawu, “Kai da kullum kake sahun baya ranar Juma'a, bakin kwata, ko muryata ba ka ji, in ka koma gida mi kaka cewa? Ka yi jam'i ko ba ka yi ba?”

“Na yi mana.”

“To shi ma ya yi.”

Kawu ya ce in haka ne maganarsa ta kasuwa ba ta karye ba, kuma yana so malamin gona ya maimaita wannan hukunci a Shinkafi ranar kasuwa, da bakinsa, tunda shi ya rage awannin. Malamin gona ya yarda, bisa sharaɗin a biya masa kuɗin babur.

Ruwa ya sauka a Katuru ranar Talata, geron kawu ya farfaɗo ban da na kan jigawa. Aikin Zurmi wani aka ba. Ɗan kawuna ya ƙara tafiya biyu tare da ƙungiyar, kuma a ta biyun ya riƙe katako, aka fitar da shi a jifa ta huɗu.