Zanen Goyo a Gidan Yari

A shekarun da aka gama yaƙin basasa, muna zaune a Kontagora, katanga ɗaya da wata Bakambariya 'yar Beri, Kirista, mai sayar da dawa. Macen kirki ce, sai dai hannunta ya fi bakinta sauri. Wata ranar kasuwa jakin wani ya tsoma baki a buhunta, mai jakin ya tsaya yana dariya. Ta ƙyale jakin, ta sauke wa mai shi muciya a ka. Alƙali ya yanke mata mako uku a gidan yari. Ni dai har gobe ina ganin mai jakin ya kamata a ɗaure.

Aka ce 'yarta ta isa yaye, ba za ta shiga da ita ba, sai aka miƙo mini. Yarinya ta ƙi kunu, ta ƙi fura, ta ƙi ni. Kwana biyu tana kuka har murya ta dishe. Na tsorata ƙwarai, don ban san da bakin da zan gaya wa uwar ba idan wani abu ya same ta.

Rana ta uku na kai wa uwar tuwo. Da ta ji labari, sai ta kwance zanen da ke jikinta, ta karɓi wani wankakke da na kawo mata, ta ce in goya yarinyar da wanda ta cire, kada in kuskura in wanke. Ganduroba ya zazzage shi yana neman abin da aka ɓoye, bai samu komai ba sai warin zufa da daddawa.

Ina goya yarinyar, ta cusa hanci a zanen, ta yi ajiyar zuciya, barci ya kwashe ta. Da ta farka ta shanye kunu ludayi uku. Daga nan kullum in kai zane, in karɓo zane. Har gandurobobi suka saba, in sun hango ni sai su ce ga mai wasiƙa ta iso. Ran da aka sako uwar kuwa, yarinya ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Na ji haushi, amma na yi dariya.

Bayan 'yan watanni, wata la'asar muna tsince wake, rediyon maigidana ya kawo labarin wata Bafalasɗiniya da aka ɗaure, aka raba ta da jaririnta. Maƙwabciyata ta tambayi inda ƙasar take, na ce can gaba da Makka. Ta tambayi ko mako nawa aka ba ta, na ce ba su faɗa ba.

Ta ajiye faifan, ta jawo 'yarta kan cinya.

"To, Yaya," ta ce, "ita wa yake kai mata zane?"