Kafur a Kayan Jariri

Jiya Inna ta aiko min da kayan jarirai daga gidanmu na Shamaki. Ina kwance ƙullin, warin kafur ya buge ni, sai da na dafa bango.

Ina da shekara tara aka haifi ƙanena, da damina. Kakarmu ta buɗe akwatin ƙarfenta, ta ciro 'yan riguna da huluna da ta daɗe tana ajiya, ƙwallayen kafur na gangarowa daga cikinsu. Don kada asu ya ci ta zuba su. A ciki aka naɗe shi, ko wanki ba a yi ba.

Ɗakin mai jego kuwa duhu ne, labule a sake, tururin ruwan ganye ko'ina. Ba a fito da jariri sai ranar suna. Rana ta uku iska ta ɗaga labulen, haske ya sauka a fuskarsa. Farin idonsa ya koma kamar kwaiduwar ƙwai.

Na ce, "Kaka, idonsa rawaya ne."

Ta ce, "Ke, rufe min baki. Fari zai yi, irin dangin ubansa."

Na rufe. Ya daina kama nono, kukansa ya zama siriri, yana banƙarewa. Sai da aka watse daga suna aka kai shi asibiti. Suka ce shawara ce, ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yau shekararsa goma sha biyar, bai taɓa jin muryar Inna ba. Kaka har ta rasu ba ta san akwatinta na da hannu a ciki ba.

Ni ma sai a wurin awon ciki na ji. Nas ta ce kafur na iya tayar wa wasu jarirai shawara. A duba ido a hasken rana, in ya yi rawaya a kawo yaro ranar, akwai fitilar da ake kwantar da su a ƙarƙashinta.

Yau kwanan 'yata uku. Kayan nan suna can bayan gida a ƙulle. Da safe na ɗauke ta zuwa bakin ƙofa, surukata ta taso.

"Ina za ki da ita? Ba a yi suna ba!"

"Goggo, idonta kawai zan gani."

Na ɗaga fatar idon. Fari ne. Gobe ma zan fito da ita.