Saniya Mai Babur ta Gwaram

A gidanmu na bayan Kiyako, wutar da muke zagayewa da yamma ba domin mu ake hura ta ba. Ta shanu ce. Da damina, in an dawo da su daga kiwo an ɗaure a turke, sai a tara busasshen kashin shanu da ɗanyen ganye a kunna, hayaƙi ya kori sauro. Mu yara 'yan cin arziki ne kawai. Mukan jawo tabarma gefen da iska ba ta kaɗo hayaƙin, kakarmu Inna Yalwa ta fito da 'yar kujerarta da ƙwaryar gyaɗa. Mai son tatsuniya sai ya sa hannu a ɓarar gyaɗa, don a wurin Inna ba a sauraro kyauta.

Mutanenmu Fulani ne da harshe ya suɓuce musu tun zamanin iyayen Inna, amma kunya ba ta suɓuce ba. Da ita aka yaye mu. Ba a cin abinci a gidan mutane, ko cikinka na kiran ciroma ka ce ka ƙoshi. Ba a roƙo, ba a yabon kai. Uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nema masa komai a wurin kowa. Babanmu shi ne ɗan farin Inna, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "uban waɗannan."

To in tana da magana da shi fa? Nan tatsuniya ke yin aikinta. Tun muna ƙanana muka gane cewa in Inna ta ɗaga murya fiye da buƙatar kunnuwanmu, ta karkata fuska wajen turke inda Baba ke duba igiyoyi, to tatsuniyar ranar aro aka ba mu, mai ita yana can.

"Ku matso da kunnuwa, ku bar surutu a can," haka take buɗewa. Mu kuma mu ce, "Mun matso."

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta Belbela. Wai a wata shekara aka yi fari, tsuntsaye suka shiga uku. Kowa ya fita neman abin sawa a baki, wasu suna ƙwadago, wasu suna roƙo. Shi Belbela ɗan gidan mutunci ne. Kullum da safe sai ya wanke farar rigarsa a ɗan ruwan da ya rage, ya tsaya a bakin rafi yana kallon nesa kamar mai jiran baƙo. Duk wanda ya ce masa, "Belbela, ka karya kuwa?" sai ya ce, "Na ƙoshi." Yana ƙoshin nan har wuyansa ya zama zare, ƙafafunsa suka zama tsinke.

A lokacin kuwa Saniya na neman mai taimaka mata, don kaska ta addabe ta. Aka ce mata ga Belbela can a tsaye. Ta dube shi daga nesa ta ce, "Wa? Mai farar rigar nan? Ai wannan ya fi ƙarfin aikina. Kun taɓa ganin mayunwaci da irin wannan wanki?" Ta wuce. Sai ga Carki, ɗan ƙaramin tsuntsun da bai san kunya ba, ya dira a gabanta ya ce shi fa aiki yake nema, kuma cire kaska ba a gaya masa. Nan take ta ba shi bayanta.

Ran nan Saniya ta zo shan ruwa ta tarar da Belbela a kwance, ya kasa tsayuwar ma. Ta tambaye shi ko lafiya. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, ƙarya ta ƙi fita. Ya ce, "Yunwa nake ji."

A nan Inna takan ajiye gyaɗa ta kama haɓa, ta yi muryar Saniya: "Haba ɗan nan! Da ka faɗa tun farko ai da bayana naka ne. Na ba Carki. Amma zo ka bi sawuna, duk farar da na tayar a ciyawa taka ce." Shi ya sa har gobe Carki ke tafiya a kan Saniya kamar mai mota, Belbela kuwa a ƙasa da farar rigarsa. "Ta ƙare," in ji Inna. "Wanda ya tsinta, tasa ce."

Na taɓa ce mata, "Inna, ba ke kika ce in an ba mu mu ce mun ƙoshi ba?"

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Ja'ira. Ƙoshin baƙunta daban, yunwar shekara daban. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Ban san abin da Baba ya ɓoye a wannan daminar ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Yanzu ni malamar firamare ce a Birnin Kudu, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Ina da nawa ɗan farin. Ba zan rubuta sunansa ba. Ƙannensa Yaya suke ce masa, ni kuma "Yayanku" nake cewa. Ya karanci harkar noma a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Daga nan zama ya miƙe.

Kullum da safe sai ya goge shadda, ya sa hula, ya rataya jaka, ya fita kamar mai ofis. Shagon kwamfuta yake zuwa kusa da tasha, yana tura takardun neman aiki ta intanet zuwa wuraren da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ba su kuma amsa ba. In dangi suka tare shi suka ce, "Ya aiki?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sunkuyar da kai. Wasu suka yanke cewa a Dutse yake, wasu suka ce a sakatariya. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa ina ganin wuyan rigar na ƙara yi masa yawa. Mahaifinsa, Malam, in dai kunyar ɗan fari ce ya fi ni, ko ido ba sa haɗawa.

Wata rana ina shanya a bayan ɗakinsa na ji yana waya. Wani abokinsa ne ke kiransa zuwa haƙar zinare a wani daji mai nisa, irin wuraren da rami ke ruftawa da mutane, 'yan bindiga kuma ke kai ziyara. Na ji ya ce, "Bari a yi Sallah, in babu wani abu zan taho." Zanen da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da bakin cewa na ji.

A cikin makon muka je bikin suna a Gwaram, gidan yayana Alhaji Sabo, wanda ke shugabantar wata ƙungiyar manoman fadama. Bayan an watse muna zaune a tsakar gida yake ƙorafi. Wai wani kamfanin irin shuka na neman malamin gona da zai zauna da masu noman rani, sun ce a turo musu 'yan ƙasa masu digiri su gwada su, kuma sun kusa rufe karɓar sunaye.

"Na rasa wanda zan tura," in ji shi. "Yaran namu duk sun kama aiki. Naki ma ai yana Dutse ko?"

Ni da nake yini ina ce wa 'ya'yan mutane su ɗaga hannu su yi magana, sai na ji harshena ya zama dutse. Ga matan gida, ga surukai, duk sun zuba min ido. Uwa ta buɗe baki ta nema wa ɗan fari aiki a gaban jama'a? Abin da ya fita daga bakina shi ne, "Uhm." Aka ci gaba da wata hirar. A motar dawowa, tun daga Gwaram har Birnin Kudu, ban ji ko kalma ɗaya daga abin da fasinjoji ke faɗa ba.

Washegari bayan Magariba aka ɗauke wuta. Na jawo murhun gawayi na ajiye daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsa, inda ban taɓa yin girki ba. Na kira Autata da 'ya'yan maƙwabta.

"Ku zo in yi muku tatsuniya."

"Umma, yau kuma?" in ji Auta. "Ai mun girma."

"Zauna, ko in girmar da ke da muciya."

Na fara ta Belbela da muryar da nake tara 'yan aji da ita a filin makaranta. Na daɗe a kan farar rigar, har na ƙara mata guga da hula da jaka. Da na iso kan Saniya sai na ga in na tsaya a inda Inna ta tsaya, saƙon zai iya wucewa ta saman kai. Na rufe ido na afka.

"Ita Saniyar nan a Gwaram take zaune. Tana da farin gemu da wani tsohon babur mai tari. Kuma wanda take nema, wanda ya karanci noma ne. Ta ce in ba a zo ba kafin kasuwa ta ci, Carki za ta ba."

Auta ta saki baki. "Umma, saniya da gemu? Da babur?"

"Tatsuniya ce. A tatsuniya saniya har jirgi tana tuƙawa."

Yara suka yi ta dariya. Daga cikin ɗakin ban ji motsi ba, ko tari. Na ƙarasa, na sallame su, na kwashe tuwo.

Da safe ina shara sai ga shi ya durƙusa daga nesa, yadda ya saba. Babu shadda, wata tsohuwar riga ce a jikinsa.

"Umma, zan je Gwaram in gaida Kawu."

Ban ɗago ba. Na ce, "A gaishe su."

La'asar ba ta yi ba wayata ta yi ƙara. Yaya Sabo ne, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ke da ɗanki duk jirgi ɗaya ya kwaso ku! Yaro na zaune ba aiki, kina gabana kina ce min uhm? Ranar wanka ake ɓoye cibiya?"

Na sha faɗa, kuma ban taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba. Ya ce yaron ya zauna suna ta gaisuwa, an gaida gona, an gaida shanu, an koma an sake gaida gona, kafin ya iya cewa, "Kawu, ni fa ba ni da aiki." Shi kuma ya gaya masa gaskiya, cewa ba shi ke ɗauka ba, iyakarsa ya nuna ƙofa, intabiyu za a yi masa kamar kowa. Sai ya gwada shi. Ya ce, "Me ka iya?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba wani abu sosai."

"Na ce ya tashi ya fita ya sake sallama," in ji Yaya Sabo. "Na ce mutanen nan ba surukanka ba ne. In ka ce ba ka iya ba, yarda za su yi. Ya fita ya dawo, ya sake fita ya dawo. Da bakin ya buɗe kuwa, sai ga shi yana gaya min abin da ke sa ganyen shinkafata yin ja. Ashe akwai kaya a ciki."

Tun daga lokacin, duk tsohon ɗalibina da ya gama karatu ya zo gaishe ni, ba na barinsa ya tashi da addu'a kaɗai. Nakan ce ya ci gaba da tura takardu, amma ya sani kwamfuta ba ta san gidansu ba. Ya je ya gaya wa kawunsa, da limaminsu, da tsohon malaminsa, da mai shagon unguwa, cewa ya gama kuma yana nema. Kada ya ce "ko mene ne ya samu," ya faɗi abin da ya karanta da abin da hannunsa ya iya. Mutane da yawa suna da ƙofar da za su nuna, amma ba wanda zai nuna wa mutumin da yake zaton yana ciki. Da can na ɗauka Inna gargaɗin mayunwaci kawai take yi. Sai da na zauna a tsakar gidan Gwaram harshena a ɗaure na gane cewa ba Belbela kaɗai kunya ke cuta ba, har da wanda ya san halin da yake ciki ya yi shiru. Ban yar da kunyata ba, ita ce tufar da aka ba ni. Na dai koyi inda ake ɗan sassauta ɗaurin.

Ana saura kwanaki Sallah ya dawo da labarin. Ina tankaɗe a ƙofar kicin, ya durƙusa a wurin da ya saba.

"Umma, an ɗauke ni. Bayan Sallah zan fara."

Zuciyata ta yi wani irin sanyi. Na ci gaba da kaɗa rariya, ko da yake garin ya riga ya ƙare. Na ce, "Madalla. Allah ya sa albarka."

Bai tashi ba. Ya ɗan jima yana zane a ƙasa da yatsa.

"Akwai wata tafiya da na so yi," in ji shi a hankali. "Na fasa."

Na ce, "Wace tafiya?"

Ya ɗago, muka haɗa ido, abin da rabonmu da yi tun yana goye. Ya yi murmushi, ya ce, "Ba komai, Umma." Ya tashi ya fita masallaci.

Na shiga ɗaki na tura ƙofa, na kai goshina ƙasa, na yi kuka har na gode Allah. A can, inda babu mai ji sai Shi, na kira yaron da sunansa.