Tururuwar Gwaggo Barira

Mahaifin Gwaggo Barira ma'aikacin reluwe ne a tashar Minna, aikinsa ɗaga wa jirgi tuta, ja ko koriya. A danginmu ana cewa ita kaɗai ta gaje shi, sai dai jar kawai ta ɗauko.

Ba ta yi boko ba, allon ma ba ta yi nisa ba. Ba kuma ungozoma ba ce, don da ta ga jini take neman ƙofa. Sana'arta guda ce, gwajin nono. Shekara talatin a unguwar Kpakungu, duk gidan da aka haihu, kafin mai jego ta gama saukowa daga keke Gwaggo ta iso da kayan aikinta: murfin kwano, tsinken tsintsiya, da kwalin ashana mai tururuwa a ciki. Sai a tatsa mata nonon farko a murfin, ta jefa tururuwa ɗaya. In ta fito, nono lafiya lau. In ta nutse, nono yana da dafi, sai a matse a zubar har ranar suna, jariri kuwa a yi ta ɗura masa ruwan sukari da madarar gari a cokali. Babu wanda ya taɓa tambayarta me ya sa tsinken nan ya fi danne tururuwa a gidan da aka yi mata tarba sama-sama.

Mutane suna mantawa, ni ban manta ba. 'Yar Aishat, ƙanwar babanmu, kwana goma sha biyu ta yi a duniya tana gudawa a kan wannan madarar. Ranar da aka binne ta, Gwaggo ta zauna a tsakiyar tabarma ta ce ai dama ta faɗa, dafin ne ya kama yarinyar tun a ciki. Aka yi ta gyaɗa kai.

Sai Allah ya kawo Zulaiha. 'Yar Paiko ce, tela, matar Anwar ɗan wan Gwaggo, mai jan motar haya zuwa Gidan Kwano. Mahaifiyarta ta rasu, don haka babu gidan da za ta je wankan jego, a ɗakinta na gidan haya za ta zauna. Tun tana da ciki Gwaggo take jin haushinta. Yarinya ta yi ta zuwa awo ba shawara, ta dawo tana wani cewa malaman asibiti sun ce dakashi shi ne abincin farko. Dakashi! Wannan ruwan ɗorawan mai yauƙi?

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti da ɗa namiji, aka yi gwaji. Tururuwa ta faɗa cikin abu mai kauri, ta yi ƴan wutsil-wutsil, tsinke ya taimaka mata ta kwanta.

"Kun gani da idonku," in ji Gwaggo. "Kada ya kusanci ƙirjinta."

Anwar ya sosa ƙeya. "Yadda kika ce, Gwaggo." Ya ɗauki makullin motarsa ya fice.

Kwana uku ana haka. Kukan yaro da ke cika gida ya koma kamar na ƴar mage. Zaninsa ya wuni a bushe, maɗigarsa ta lotsa. Ita kuwa uwar, ƙirji ya cika ya yi tauri, rigarta kullum a jiƙe, ga zazzaɓi. Gwaggo ta duba yaron ta ji daɗi, ta ce Allah ya ba su ɗa mai haƙuri.

Rhoda, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, ƴar kudancin Kaduna da kowa ke kira Maman Luke, ta leƙo da cokali a hannu. "Mama, wannan ba haƙuri ba ne fa. Yunwa ne. Na goya huɗu, na san kukan yunwa."

"Ke Maman Luke, koma kan kaskonki, ƙosanki na ƙonewa. Mu nan tun ba a haife ki ba muke aikinmu."

Da hantsin ranar ɗakin ya cika da ƴan barka. Zulaiha, wadda ba a cika jin muryarta ba, ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Gwaggo, don Allah a sake gwadawa. Ko jiƙon da kika ba ni ya yi aiki."

Abin ya yi wa Gwaggo daɗi. Ga mata sun kai goma, har da matar liman, ga yarinyar asibiti a durƙushe tana roƙo. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta miƙa mata murfin. Zulaiha ta shiga bayan labule, ta jima, ta fito da farin abu a ciki.

Gwaggo ta ɗaga murfin wajen haske, ta sansana, ta yatsine fuska. "Ko warinsa ma kun ji? Tsinkakke, ba albarka." Ta buɗe kwalin ashana ta jefa tururuwa. Ta sa tsinke ta juya a hankali, kamar mai dama kunu. Tururuwa ta zagaya sau biyu, ta miƙe ƙafafu.

"Inna lillahi! Wannan ya fi na farko mugunta. Duk jaririn da ya sha wannan, ba ruwana."

"Kada a ba shi ke nan, Gwaggo?"

"Ko ɗigo!"

Zulaiha ta sa hannu bayan labule ta jawo kofin roba da cokalinsa a ciki, ta ajiye a gaban matar liman. "Madarar da kika dama masa da safe ce. Ita na zuba. Ita yake sha kwana uku."

Daga bakin ƙofa Maman Luke ta saki wata dariya har da tafi. "Mama, to mu gwada shayinki ma mana!"

Gwaggo tana kallo Zulaiha ta zauna a bakin gado, ta ɗauki yaron, ta ɗaga riga a gaban kowa, haihuwar fari ko kunya babu. Yaron ya kasa kamawa, ƙarfinsa ya ƙare. Maman Luke ta ajiye cokalinta ta wanke hannu, ta matse nonon kaɗan ya yi laushi, ta ɗiga masa a leɓe. Ya lasa. Ya sake lasa. Can sai ya cafke, aka fara jin haɗiyarsa, ƙut, ƙut, har bakin ƙofa. Matar liman ta ce, "Masha Allah," ta ƙara da cewa gobe da safe a kai shi asibiti a duba shi, ita za ta raka su.

Gwaggo ta tattara murfinta. "Tururuwar yanzu ce ba ta da ƙwari," ta ce. "Duk wannan feshin maganin sauro ya kashe mata jiki." Ta fita, ba wanda ya taka mata.

Yaron ya ci suna Muhyiddeen. Bana ya shiga aji ɗaya, kuma babu katangar da bai hau ba a layinsu. Gwaggo tana nan da ranta, har yanzu ba a rigan ta zuwa barka. Ana shimfiɗa mata tabarma, a ba ta kunun kanwa, a yi mata sannu da ƙoƙari. Kwalin ashanar yana cikin jakarta, ba mai cewa ta fito da shi. In Muhyiddeen ya gifta a guje, takan nuna shi da baki ta ce wa baƙi, "Kun ga wancan ƙaton? Nonon uwarsa dafi gare shi. Ni na gyara shi."