Bangon da Bai Bushe Ba

Duk dangi Kawu muke ce masa, har waɗanda suka girme shi sun bi bakin yara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Gwiwoyinsa sun yi kanta saboda durƙuso, siminti kuma ya cinye tafin hannunsa har zanen yatsunsa ya shafe. Da leburanci ya fara, yana kwaɓa wa masu gidansa siminti, har hannunsa ya faɗa a aikin tayil, bai kuma taɓa yin wata sana'ar ba.

In aka kira shi aiki, ba ya ko kallon tayil ɗin da aka sayo. Bango yake nufa. Ya shafa shi da tafi, ya karce shi da farce, sannan ya yayyafa masa ruwa ya tsaya yana kallo. In bangon ya shanye nan take, to mai ƙishi ne, zai tsotse ruwan gam tun gam bai kama ba. Irin wannan sai an fara shafa masa farin firaima, wani ruwa mai kama da madara da ke kashe masa ƙishi. In kuwa ruwan ya gangaro bai shiga ba, bangon mai santsi ne, sai firaima mai yashi-yashi, don gam ya samu abin riƙewa. Amma ko wanne za a shafa, sai bango ya bushe ƙarau.

"Tayil ba ya faɗuwa don kansa," haka yake cewa. "Abin da ke bayansa ne ke sakinsa."

Wannan jiran ya raba shi da ayyuka ba iyaka. Mai gini na son tarewa, Kawu ya ce a jira bango, sai a kira wani. Shi kuwa ya ɗaure kayansa a bayan babur ya dawo gida, ko a jikinsa.

Gidan nasa ko ƙwayar tayil ɗaya babu. Akwai dai buhuna jingine a bayan sito, cike da ragowar da yake tsintowa daga wuraren aiki, fari da shuɗi da mai ruwan ƙasa, wai na banɗakin da zai yi wa matarsa. Inna Mai-keke muke ce mata, don ɗinki take yi, kuma bakinta ya fi allurarta kaifi.

"Injiniya," in ta gan shi da sabon buhu, "yau ma an ƙaro wa ɓeraye katifa?"

"Ki dai bari in samu sarari."

"Sararin nan tun ina goyon Auta nake jin labarinsa. Ga Auta can da nata goyon."

Banɗakin gidan yana can ƙarshen tsakar gida, da ɗan tudu a ƙofarsa, daɓensa ya yi gansakuka. Shekara da shekaru ba wanda ya damu, sai da ciwon ƙirji ya kama Inna. Ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya gajarce, keken ɗinki ya koma wurin ajiye magani. Wata safiya santsi ya kwashe ta a ciki. Kawu ba ya nan. Matan maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar suka fito da ita, da kumfar sabulu a jikinta, wata ta yafa mata zani.

Tun daga ranar ba a ƙara barinta ta yi wanka ita kaɗai ba. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, kan zo daga gidan mijinta ta riƙe ta su ƙetare tsakar gida, ta tuɓe ta, ta cuɗa ta. Sai an dawo da ita gado ta juya fuska bango. Rannan Kawu ya ji ta tana cewa, ba da kowa ba, "Ni da na wanke gidan nan kaf, yau ni ake ɗaga wa hannu a ce in juya."

Washegari ya kwashe sito don ya mayar mata da shi banɗaki. Sito jikin ɗakinta yake, bango ɗaya ya raba su. Ya fasa ƙofa daga cikin ɗakin, ya ɗaga sabon bango, ya kira mai aikin famfo, ya yi filasta da hannunsa. Ya kafa ƙarfen dafawa daga bakin gadonta har gindin famfo. Abin da yake so ke nan: ta sauko da kanta, ta dafa, ta shiga, ta rufe ƙofa.

Sai dai damina ce, kuma mai nacin tsiya. Filasta ya ƙi bushewa. Kawu ya manna wata 'yar leda a jikin bango da yamma, da safe ya ɗaga ya tarar da raɓa a ƙarƙashinta. Ya sake mannawa. Ya kunna fanka ya saita ta ciki. Kullum raɓar na nan.

"Yau me bangon ya ce?" Inna kan tambaya daga gado.

"Da saura."

"Gaishe shi. Ka ce masa ina nan ina jira."

Ya hau babur ya tafi wurin Mai-fenti, tsohon abokinsa da ke sayar da kayan gini a bakin titi. Ya kwashe komai ya faɗa masa.

"Yau ake yin ta," in ji Mai-fenti. "Sarkin jira ya zo neman gajeriyar hanya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya, mutumina."

"Ba wasa ya kawo ni ba."

Mai-fenti ya dube shi, ya daina dariya. Ya shiga can ciki ya fito da gwangwani biyu, babba da ƙarami.

"Wannan haɗa su ake yi. Ko bango na kuka, zai rufe masa ido. Ka shafa, ka watsa masa yashi tun da ɗanyensa, in ya kama ka ɗora tayil. Amma fa yana da wari. Ba warin fenti ba, wannan har maƙogwaro yake kamawa."

"Yana daɗewa?"

"Ya danganta da iska. In akwai rana, ba komai."

Dukansu suka kalli sama.

A tsakar gida Kawu ya buɗe ƙaramin gwangwanin, nesa da ɗaki, don ya gwada. Bai gama ɗaga murfin ba ya jiyo tarin Inna, irin wanda ba ya tsayawa sai ya fito da hawaye. Ya mayar da murfin da sauri, ya danne da dunduniya. Da ya shiga ya same ta a dafe da ƙirji.

"Me ka buɗe?"

Ya zauna a bakin gado ya yi mata bayani kamar yadda yake yi wa masu gini. Farin firaima ba ya wari, amma sai damina ta ɗauke bango ya bushe. Wannan kuma ba ya jiran kowa, amma ba zai yiwu tana gidan ba, sai ta koma wurin Auta. Shi dai in ta tasa ce, a jira.

"Na san in ta taka ce," in ji ta. Ta daɗe tana tattara numfashi. "Injiniya, bango yana da lokaci. Shi ba inda za shi."

"Kar ki fara irin wannan maganar."

"To, na bari. Kira min Auta ta haɗa kayana."

Gidan Auta a saman bene yake, ɗaki biyu da falo, taga na kallon titi. A kan kujera aka ɗauki Inna aka hau da ita, mijin Auta a gaba, Kawu a baya, tana ce musu su yi a hankali kar su fasa kaya. Kawu ya dawo ya ɗaure hanci da tsumma, ya haɗa gwangwanayen, ya shafe bangon tas. Idanunsa suka yi ja, kansa ya yi ta sara. Ya zazzage buhunan nan ya zauna yana zaɓe, farare a sama, shuɗɗa a ƙasa, masu kaushi a daɓe don kar su yi santsi. Bai taɓa yi wa wani mai kuɗi aiki mai kyan wannan ba.

Aiki ya ƙare, wari bai ƙare ba. Ya shiga katifa, ya shiga labule, ya kama har zannuwan da ke cikin akwati. Ruwa kuma bai fasa ba, balle a shanya. Hancin Kawu ya riga ya mutu da shi, sai ya riƙa kiran matar maƙwabci ta shaƙa masa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yamutsa fuska.

"Kawu, tsakani da Allah, da saura."

A can kuwa Inna sai baya take yi. Hayaƙin motoci na shigowa ta taga, in an rufe ta ce ba iska. Benen ya hana ta ko leƙa ƙofa, ƙafafun da take ɗan takawa da su suka daina amsa ta. Kullum Kawu ya zo da yamma sai ta ce, "Yau fa?" Ya ce saura kaɗan. Daga baya ta daina tambaya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Da rana ta fito, ta fito gaba ɗaya. Aka shanya katifa, wari ya tafi. Duk sabon ginin da ke unguwar ya bushe don kansa a 'yan kwanakin nan. Kawu ya gani da idonsa a kan hanyarsa ta zuwa ɗauko ta.

A kan kujerar da aka hau da ita aka sauko da ita. Da aka shiga ɗakinta ba ta yarda a kwantar da ita ba.

"Ku kai ni in ga abin da aka kore ni dominsa."

Suka ajiye ta a kan kujerar roba a gindin famfo. Ta ɗaga ido ta bi bangon da kallo daga sama har ƙasa, ta miƙa hannu ta shafa.

"Ba laifi," in ji ta. "Ashe ka iya."

Ta sa Auta ta kwance mata ɗankwali, ta matso mata da bokiti da kofi da sabulu. Sannan ta ce su fita.

"Inna, bari in tsaya ko a bakin..."

"Fita. Ja min ƙofar."

Auta ta ja ƙofar ta tsaya a jikinta. Kawu ya zauna a bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa. Suka ji ƙarar famfo, ruwa na zuba a bokiti, sautin na sauyawa yayin da yake cika. Kawu ya kasa kunne yana jiran ƙarar kofi, da ta ruwa in ya sauka a jikin mutum. Bokiti ya cika ya fara tumbatsa. Ruwan ya yi ta malala yana bin magudana. Kofin bai motsa ba.

Aka daɗe a haka. Auta ta dubi ubanta, ya girgiza mata kai, alamar ta ƙara mata lokaci.

Can sai muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, ruwa na neman danne ta.

"Auta."

Auta ta naɗe hannun rigarta ta shiga.

Inna ba ta kai wata daminar ba. Duk wankan da ta yi a ɗakin nan, Auta ce ta yi mata. Kawu yana nan da ransa, yana fita aiki in an kira shi, amma shi har yau a tsohon banɗakin ƙarshen tsakar gida yake wanka.